Ɗana na son hawan duwatsun Sikotilan cikin dusar ƙanƙara, in biya masa kuɗin horo?

Baba na Barnawa:
Assalamu alaikum. Ɗana na biyu yana karatun digiri na biyu a Gilasgo. Tun yana sakandare yake da son hawan dutse, shi da abokansa sun hau Kufena a Zariya da duwatsun Kagoro. Yanzu ya turo yana roƙon in taimaka masa da kuɗin horo na 'yan kwanaki a wata cibiya mai suna Glenmore Lodge, kusa da garin Aviemore, kafin su fara fita da 'yan jami'arsu a watan Janairu. Na tambaye shi tsayin duwatsun, ya ce babbansu Ben Nevis, mita 1,345. Chappal Waddi namu na Taraba mita 2,419 ne. Dutsen da bai kai namu ba, me zai sa sai an biya kuɗin koyon hawansa, ga tsadar fam? Mahaifiyarsa kuma so take in hana shi baki ɗaya. Don Allah wanda ya san wurin ya ba ni shawara.

Ɗan Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, Baba. Na zauna a birnin Abadin na Sikotilan, kuma na yi irin wannan horon. Don Allah ku biya masa.

Tsayin ba shi ne abin dubawa ba, yanayin wurin ne. A kan dutsen Cairn Gorm, wanda ke saman cibiyar da ya ambata, an taɓa auna iska mai gudun mil 173 cikin awa a 1986. A watan Disamba kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi.

Farkon abin da za su koya masa shi ne tsayar da kansa idan ya zame. Malami zai kai su gangare marar haɗari, ya sa su zame da gangan: a kife, a rigingine, har da kai a ƙasa. Mutum ya juya, ya danna bakin gatarin ƙanƙara da nauyin ƙirjinsa, ya ɗaga ƙafafu don kada haƙoran ƙarfen da ke ɗaure a takalminsa su kama ƙanƙara su wuntsila shi. Wannan ba ya koyuwa a bidiyo, sai jiki ya saba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lokacin da gajimare ya sauko ya haɗe da dusar ƙanƙara. Ku tuna hazon hunturu mai hana jirgi sauka, to wannan ya fi shi, don ko ƙasar da kake takawa ba ka bambance ta da sama. Iska kuma tana gina leɓen ƙanƙara a bakin kwari, ka ɗauka ƙasa ce alhali babu komai ƙarƙashinta. Shi ya sa ake koyar da taswira da kamfas mai nuna alƙibla da ƙirga taku, domin sanyi na saurin cinye batirin waya. Za su kuma koya masa karanta rahoton zaftarewar dusar ƙanƙara da hukumar SAIS ke fitarwa kullum a lokacin sanyi. Gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45 ya fi zaftarewa.

Hajiyar Malali:
Alhaji, ni ina bayan maman yaro. A Nuwamban 1971 ɗalibai biyar daga Edinbara da wata matashiya mai taimaka wa jagorarsu sun rasu a saman duwatsun nan na Cairngorm, sanyi ne ya kashe su. Amma gaskiya, yaron da ke can kuna nan, idan kun hana shi kuɗin horo ba lallai ne kun hana shi hawan ba. Zai iya bin abokai ba tare da ya san komai ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali.

Likita daga Kawo:
Alhaji, ku ja masa kunne kan sutura. Kada ya sa auduga a jikin fata, tana riƙe gumi ta sanyaya mutum. Ulu a ciki, rigar da ruwa da iska ba sa ratsawa a waje, safar hannu ta biyu a jaka, da fitilar goshi. Idan abokin tafiya ya fara tangaɗi, magana tana sarƙewa, ko ya daina karkarwa alhali sanyin bai ragu ba, jikinsa ya yi sanyi fiye da ƙima. A kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce masu ceto na kan dutse ake so.

Baba na Barnawa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifiyarsa duka. Zan tura kuɗin, da sharaɗin ba zai fita ba sai ya gama horon, kuma duk ranar da za su hau ya bar wa wani sunan dutsen da lokacin da za su sauko. Ɗan Unguwar Rimi, takalmin da gatarin sai ya saya, ko ana samun haya a Aviemore?