Neman shawara: Baba na son ganin gidan 'yan'uwa Wright, Dayton za mu nufa ko Michigan?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda suka san yankin nan su taimaka mini. Mahaifina ya zo mana ziyara nan Columbus, jihar Ohio a Amurka, saura sati uku ya koma Zariya. Shekara talatin da wani abu ya yi yana gyaran keke a bakin titi kafin gwiwa ta hana shi tsuguno, kuma da wannan sana'a ya yi mana karatu mu shida. Ran nan ɗana ya dawo da littafi daga makaranta a kan Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan da suka ƙera jirgin sama na farko, yana fassara wa kakansa. Da aka zo inda aka ce masu gyaran keke ne, kuma 'yan nan Ohio ne, sai Baba ya gyara zama ya ce a maimaita masa. Tun daga ranar ba shi da magana sai a kai shi ya ga gidan da suka tashi da shagon da suka yi aiki. Mutumin da ko kanti sai na yi da gaske yake bi na.

Abin da ya ɗaure mini kai, wasu sun ce gidan na Dayton, wasu sun ce yana Michigan. Asabar da Lahadi kawai nake da su, a ƙarshen Oktoba, kuma Baba ba ya jure doguwar tafiya a ƙasa. Ina za mu dosa?

Ɗan Funtuwa a Dayton:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Duk waɗanda suka gaya miki gaskiya suka faɗa. A nan Dayton aka gina gidan, lamba 7 a titin Hawthorn. A cikinsa aka haifi Orville a 1871, a cikinsa kuma Wilbur ya rasu a 1912 da zazzaɓin taifot. To amma Henry Ford, mai kamfanin motoci, ya sayi gidan tare da shagonsu na ƙarshe, aka warware su aka kwashe zuwa Dearborn a Michigan, aka sake tayar da su a wani wuri da ake kira Greenfield Village. An buɗe su a 1938, Orville na raye kuma ya halarta. Yau idan kin je Hawthorn fili za ki tarar, da alamar inda ginin ya zauna da ɗan barandar da aka kwaikwaya. Na taɓa kai baƙo can bai sani ba, ya tsaya yana waige-waige yana tambayata ina gidan. Kada hakan ta faru da Baba.

Duk da haka ni Dayton zan ce ki zo. Awa ɗaya da 'yan mintuna ce daga Columbus. Ɗaya daga cikin shagunan kekensu na nan daram inda yake a titin South Williams, wanda suka zauna daga 1895 zuwa 1897, kuma shiga kyauta ne. A Carillon Historical Park, wani wurin tarihi a nan Dayton, akwai ainihin jirginsu na 1905.

Hajiyar Detroit:
Malam na Dayton, ka yi haƙuri, a nan kam ban bi ka ba. 'Yar'uwa, ki sake sauraron abin da Baba ya roƙa: gida da shago. Su biyun suna Dearborn, maƙwabtan juna, daga ƙofar wannan zuwa ta wancan taku kaɗan ne, ga mai ciwon gwiwa kuwa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Kuma shagon da ke Dearborn shi ne mai tarihin. Wanda a da yake titin West Third a Dayton ne, inda suka koma a 1897. A nan ne wata rana a 1899 Wilbur yana riƙe da dogon kwalin tiyub ɗin keke, yana murɗa shi a hannu, ya lura gefe ɗaya na ɗagawa ɗayan na sauka, ya gane haka za a riƙa murɗa fukafukin jirgi a juya shi a sama. A nan suka haɗa akwatin katako da fanka ke hura wa iska a 1901, suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200. A nan makanikensu Charlie Taylor ya ƙera injin jirgin mai ƙarfin doki 12 cikin sati shida. Ki kai mai gyaran keke ɗakin nan na baya, ya ga bencin aiki da injunan da bel ke ja daga sama, ba sai an yi masa fassara ba.

Gidan kuma ba wani katafare ba ne, na katako ne mai bene, siriri. Barandar da ta zagaye gabansa su da kansu suka yi ta. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai labarin mahaifiyarsu Susan ne. 'Yar maƙerin keken doki ce, a shagon ubanta ta koyi riƙe kayan aiki, kuma ita yaran ke kai wa tambaya idan wani abu ya ƙi haɗuwa, domin uban, Milton, bishop ne da kullum yana kan hanya. Ta rasu a 1889 da tarin fuka, ba ta ga ko shagon keken ba balle jirgin. Na daɗe tsaye a madafin gidan ina tuna ta.

Abinci da salla kuwa kada ki damu. Dearborn garin Larabawa ne, halal ko'ina, ga babban masallaci kusa.

Injiniya:
Ƙari kaɗan, don kada Baba ya sa ran abin da ba zai gani ba. Jirgin farko, wanda ya tashi ranar 17 ga Disamba 1903, ba ya Dayton ba ya Dearborn, yana gidan tarihin Smithsonian a Washington. Tashin ma a North Carolina aka yi shi, kusa da Kitty Hawk, saboda iska da rairayi. Sakan 12, ƙafa 120, Orville ne a kai.

Amma a ganina inda suka koyi tuƙi da gaske shi ne Huffman Prairie, makiyayar shanu a wajen Dayton. Mai filin ya ba su aro kyauta, ya ce dai su riƙa kora dabbobi gefe kafin su tashi. A nan Wilbur ya yi ta zagaye minti 39 ranar 5 ga Oktoba 1905, ya ci mil 24, sai da mai ya ƙare ya sauka. Jirgin da ya yi wannan shi ne na Carillon. Idan kun je, ki nuna wa Baba bayan injin: sarƙa ce irin ta keke ke juya farfela biyun. Zai gane ta tun daga nesa.

Mai tambaya:
Kai, na gode ƙwarai. Yanzu kun sa ina son duka biyun. Zai yiwu a haɗa cikin kwana biyu, ko zan wahalar da tsoho?

Ɗan Funtuwa a Dayton:
Zai yiwu idan ba ki yi haɗama ba. Ku fito da sassafe ran Asabar, ku fara da South Williams, daga nan filin Hawthorn kusa ne, sai Carillon. Huffman kuwa fili ne buɗaɗɗe, iskar ƙarshen Oktoba na da kaifi, ku tsaya kaɗan ko ku bar shi. Bayan la'asar ku hau babbar hanyar I-75, kamar awa uku ce zuwa Dearborn, ku kwana can. Gidan tarihin sojan sama da ke nan Dayton kada ma ki sa shi a lissafi, shi kaɗai yini yake ci. Haka Hawthorn Hill, katon gidan da Orville ya koma a 1914 ya zauna har rasuwarsa a 1948: sai an yi rajista tun da wuri, kuma ba shi ne gidan ƙuruciyarsu ba.

Hajiyar Detroit:
Na yarda da wannan tsarin. Abu biyu kawai. Greenfield Village ba kyauta ba ne, kuma suna rufewa idan hunturu ya kama sai Afrilu, don haka ki tabbatar da ranar kafin ki kama ɗaki. Wurin kuma faɗi gare shi, ki karɓi hayar keken guragu tun daga ƙofa. Na san iyayenmu, zai ce shi ba gurgu ba ne. Ki ce masa jikansa ne ke son tura shi. Sannan ki haɗa masa da safa mai kauri da hular sanyi.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Baba duka bayan magariba. Da na zo kan kwalin tiyub sai ya sa aka kawo masa kwalin man goge baki, ya riƙe bakinsa biyu yana murɗawa a hankali, ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce kwali irin wancan ya jefar da ya fi dubu. Mun tsayar da Asabar ta ƙarshe a watan in Allah ya yarda, Dayton da safe, kwana a Dearborn. Keken guragun dai har yanzu bai amince ba, ya ce zai tafi da sandarsa. Hajiya, idan kin san masaukin da ba shi da matakala kusa da wurin, don Allah ki turo mini ta akwati.