Neman kalma: me za mu kira ruwan da ke lulluɓe ƙwayar ido?

1/ Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena tela ne, da rana ido kan allura, da dare ido kan waya. Tun shigowar hunturu yake kukan idonsa na yaji kamar an watsa yashi, ga hawaye na zuba. Likita ya ce bushewar ido ce. Ya dawo yana tambayata: Yaya, idon da ke zubar da ruwa ta ina ya bushe? Na san amsar, amma da na zo faɗa da Hausa sai na rasa sunan abu biyu.

2/ Na farko shi ne abin da likitoci ke kira tear film. Ba hawayen kuka ba ne. Wani ɗan siririn ruwa ne da ke kwance kan ƙwayar ido dare da rana, hawa uku. Can ƙasa akwai yauƙi mai riƙe ruwan kada ya silale. Sai ruwan kansa a tsakiya. A sama kuma maiƙo, wanda ke hana iska shanye ruwan. Maiƙon yana fitowa ne daga wasu ƙananan kafofi da ke jere a bakin fatar ido, bayan gashin ido, waɗanda ke ɗauke da sunan likita Bajamushe Heinrich Meibom da ya yi bayaninsu a 1666.

3/ "Fim ɗin hawaye" dai bai taso ba, fim a wurinmu abin kallo ne.

4/ "Yanar hawaye" ce ta fara zo mini, don yana irin ta saman kunu ta yi kama da abin. Amma na janye. "Yanar ido" ta riga ta zama sunan cutar da ke rufe gani har sai an yi aiki. Ka ce wa tsohuwa yanar hawayenta ta lalace, za ta ji kana maganar waccan, wataƙila ma ta ɗauka alheri ne. Bai kamata abin kariya ya ci suna ɗaya da cuta ba.

5/ "Danshin ido" yana da daɗin faɗa, sai dai ya ɓoye maiƙon, alhali a nan matsalar ta fi yawa. Ni "shimfiɗar hawaye" na tsaya a kai. Shimfiɗa tana hawa-hawa, tana yamutsewa, kuma sai an sake gyara ta. Haka wannan take: idan ido ya tsaya a buɗe, takan fara tsagewa. Likitoci na ɗiga wani ruwa mai launi su ƙirga. Idan ta tsage kafin daƙiƙa 10, alama ce ta matsala. Wurin da ya tsage ya yi yaji, ido ya kwararo hawaye tsinkakke mara maiƙo, wanda ba ya zama. Amsar ƙanena ke nan.

6/ Mai gyara shimfiɗar ita ce ƙiftawa, kusan sau 15 zuwa 20 a minti. Idan mutum ya ƙura wa waya ko ɗinki ido, adadin na raguwa sosai, kuma da yawa cikin waɗanda ya yi ba sa kaiwa: fatar sama ta sauko ta koma ba ta taɓa ta ƙasa ba. Ƙasan baƙin ido ya zauna ba shimfiɗa, kafofin maiƙo ba a matse su ba, a hankali maiƙon ya daskare ya toshe su.

7/ Sunan wannan ƙiftawar da ba ta kaiwa shi ne kalma ta biyu. Lumshewa daban, runtsewa daban, ƙifce kuma sigina ce. "Rabin ƙiftawa" ta yi kusa, amma ba lallai rabi ba ne, wani lokaci saura ƙiris ta haɗu. Na fi son "tauyayyiyar ƙiftawa", kamar tauye mudu: an auna, bai cika ba. Kishiyarta a shirye take, "cikakkiyar ƙiftawa", kuma ita ce ake koya wa mai ciwon: ya rufe ido a hankali har fatar biyu su haɗu, ya ɗan matse, ya buɗe, sau da yawa a yini.

8/ Saura kafofin maiƙon nan. "Matatsar maiƙo" nake tunani. Malaman asibitin ido da mutanen Sakkwato da Damagaram, idan da wata kalma a bakinku, ku kawo mu auna.