Musayar waƙa: samari uku da farin gidan Urbana

Kawu Mai Faifai:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau Amurka za mu leƙa. Wasu ɗalibai uku ne suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna American Football a 1997, a jihar Illinois. Wanda ya san su ya amsa, wanda bai sani ba ya yi gardama, amma da baiti.

Ku matso ku sha labarin Urbana,
Garin jami'a, kewaye da gona,
Can samari uku suka zauna,
Ƙwallon Amurka suka ɗauka suna,
Alhali kiɗa suke, dare da rana.

Mike Kinsella ke jita, shi ke rera magana,
Steve Holmes ma na jita, tun sakandare suka san juna,
Steve Lamos na ganga, in ya busa bigila sai ka tuna
Da wadda ta tafi ta bar ka da ƙuna.
Ba mai jitar bes cikinsu, haka suka so, kar ku raina.

Ɗan Tasha:
Kawu, Allah ya ja kwana, ni ban ga abin yabawa,
Shekara uku kacal, sai ga su suna watsewa,
Ƙaramin faifai a 1998, waƙa uku, ba ƙarawa,
Babban a 1999, waƙa tara, sai rufewa.
Makaɗin da bai zaga gari ba, wa zai ba shi kyautar yabawa?
Wannan wutar kara ce, tana kamawa tana mutuwa.

'Yar Zazzau:
Yaya Ɗan Tasha, ka kira ta wutar kara,
To garwashin na nan da rai, shekara bayan shekara.
Karatu ne ya zo ƙarshe, lokaci ba ya jira,
Suka shiga ɗakin naɗi, kwana huɗu, babu hira,
Brendan Gamble na kan na'ura, yana naɗa yana gyara.
Kamfanin Polyvinyl ya fito da shi a Satumba, an makara,
Faifai na isa kasuwa, masu shi sun ɗaure kayan ƙaura.

Kuma ka saurari jitocin kafin ka yi musu ƙara:
Kusan kowace waƙa da ɗaurin tsirkiyar da ta fara,
Ɗaya ta kai zare, ɗaya ta maido, saƙa ce ba a tsara,
Ganga na ƙirga nata daban, ba ta bin sahun yara.
Sai bigila ta shigo a hankali, kamar mai sallama da asuba a ƙofar fara.

Baitin ƙarshen nan ya ɗan yi tsawo, a yi haƙuri. Abin da nake nufi da saƙa shi ne, sun saurari Steve Reich sosai, mutumin da kan maimaita ɗan gajeren sauti yana gusar da shi kaɗan-kaɗan har ya zama wani abu daban. Su ma haka jitocinsu ke yi, ba hayaniya, ba ihu. Kuma ku tuna Mike da ganga ya fara, a ƙungiyar Cap'n Jazz tare da yayansa Tim, inda ihun ya fi yawa.

Ɗan Tasha:
Ƙanwata, "ƙofar fara" kuma wace ƙofa ce? Amsa-amo ne ya matsa miki, na gane.

'Yar Zazzau:
Farar ƙofa nake nufi, Yaya. Malam zai yi maka bayanin gidan.

Malam Mai Allo:
Ni hoton bangon faifan ne ya ba ni mamaki,
Farin gidan katako da dare, taga ɗaya da haske ciki,
Chris Strong ya ɗauka, yana cikin 'yan haya, ba cikin baƙi,
Makaɗan ko ɗayansu a nan bai taɓa kama ɗaki.
Ba fuskar kowa a bango, ba ado, ba kayan biki,
Gida ne irin na 'yan makaranta, ana fita wani ya shiga ciki.

Suka watse, kowa ya je ya duƙufa kan aiki,
Lamos ya zama malamin jami'a a Colorado, alli da takardu a ɗaki,
Kinsella ya koma waƙa da sunan Owen, shi kaɗai da jita a jiki.
Faifan kuwa bai kwanta ba, ya bi intanet baki da baki,
Yaron da ba a haifa ba ran naɗi, shi ya haddace shi ciki da ciki.
Yau ana tasowa daga nesa don a tsaya ƙofar gidan, a yi hoto, a yi tsaki
In an tarar da mota ta tare gaban, ta ɓata musu biki.

Kawu Mai Faifai:
Madalla Malam. Bari in ɗora daga inda ka tsaya, da amsa-amona na ɗazu.

2014, shekara goma sha biyar da kwana,
Aka sake buga faifan, masu oda suka danne juna,
Shafin kamfanin ya faɗi, ya kasa ɗaukar masu ƙauna,
Ya hau na 68 a jerin Billboard na masu kasuwa, da wannan tsohon suna.
Suka dawo dandali a gida, yankin Champaign da Urbana,
Sai New York, tikiti ya ƙare kafin a kai ga rana.
Nate Kinsella, ɗan uwan Mike, ya ɗau bes ya zauna,
Uku suka zama huɗu, furfura ta fara nuna.

Ɗan Tasha:
Yauwa Kawu, ka zo inda nake ta jirawa,
Da ba a ji ƙarar kuɗi ba, da wa zai yi dawowa?
2016 wani faifai, 2019 sai ƙarawa,
Duk suna ɗaya da na fari, ko sabon suna ba sa nemowa.
Mutum ya haura arba'in, yana kukan budurwar da ta yi tafiyawa!
Da sun bar shi guda ɗaya, da ya fi daɗin tunawa.

'Yar Zazzau:
Yaya, manomin da ya shuka ya tafi bai ga tsiron masara,
In ya dawo ya tarar da zangarniya, laifi ne ya kai ta gara?
Na 2019 ba kukan budurwa ba ne, ka je ka saurara,
Zancen uba ne da 'ya'ya, da halin da aka gada aka kasa gyara.
Kuma kuɗin da kake faɗa, ga inda wasu suka tara:
A 2023 suka sayi gidan, su da Polyvinyl da abokan hira,
Don kar masu gine-gine su rushe shi su kafa bene, a yi asara.

Malam Mai Allo:
Baiti na biyu, "gara" ta aure kika nufa ko rumbu ne ya ƙi shiga amsa-amo? Na bar miki wannan, don na 2023 ya biya bashin.

Ɗan Tasha:
To na je na kunna na farin, don in samo abin kushewa,
Na haɗa shayi na ajiye, ina jiran wurin tsokanawa,
Bigilar nan ta shigo, na nemi bakin magana ya ɓacewa,
Ko da na waiwayi kofin, ƙuda ya riga ni shanyewa.
Amma na 2016 ban yafe ba, Kawu, gobe ina dawowa.

Kawu Mai Faifai:
Allah ya kai mu. Ka zo da amsa-amon "-ki", Malam na jiran ka.