Yarona ya shekara 3 da wata 4, har yanzu bai haɗa magana ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, hankalina a tashe yake. Ɗana na fari ne. Tun da muka dawo gidan surukaina komai ya dagule, maigida yana tafiye-tafiyen kasuwa, ni ke girki, ni ke wanki, ga goyo, surukata kuma kullum cewa take ni na sangarta shi. In yana son abu sai ya ja hannuna. "Mama" da "ruwa" kaɗai yake faɗa. Ɗiyar maƙwabciyata da ya girme ta har labari take bayarwa.

Hajiya daga Kano: Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki 'yata, maza ba sa saurin baki. Na haifi 8, na uku sai da ya shekara 4. Linzami ne, ki kai wa wanzami ya duba.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, a yi haƙuri, linzami kan ɓata furta wasu haruffa ne, ba ya hana yaro samun kalmomi. Ɗan shekara 2 ya kamata ya haɗa kalma biyu, kamar "ba ni ruwa". A shekara 3 har baƙo yana gane yawancin zancensa. 'Yar uwa, in kin kira shi ta baya yana waiwayowa? Yana nuna abu da yatsa? Ya taɓa ciwon shawara yana jariri, ko sankarau, ko ƙyanda? A fara da gwajin ji. Akwai cibiyar kunne ta ƙasa a Kaduna, asibitocin koyarwa ma suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

Mai tambaya: Ji kam yana ji, da ya ji katun a waya zai rugo. Kunnensa dai ya yi ta zubar da ruwa bara, amma ya tsaya da kansa.

Wata uwa: Wayar nan ce. Nawa ma haka, ubansa ke miƙa masa ita, in na yi magana a ce na cika mita. Wallahi na gaji da gidan nan.

Mai tambaya: Anti, ba ki san aikin da ke kaina ba. In ban ba shi wayar ba, wa zai riƙe min shi?

Hajiya daga Kano: Mu da muka raini yara tun kafin a san waya, yanzu mu ne ba mu sani ba? A yi masa tofi, lokacinsa ne bai yi ba.

Ma'aikaciyar jinya: Addu'a kam dole ce, Hajiya. Amma ruwan kunnen nan shi ya fi damuna. Yaro na iya jin ƙara alhali bai rarrabe kalmomi.

Mai tambaya: Na gode. Surukata ba za ta yarda da asibiti ba sai babansa ya dawo, kuma bai sa rana ba.