Injin Lantarki Ya Ƙi Tashi: Shawarwarin Masu Gyara

Masu gyara da suka tattauna matsalar ƙaramin injin lantarki (wanda wuta ke juya shi, ba janareta ba) da ya ƙi tashi sun haɗu a kan abu ɗaya: kada a yi gaggawar kwance shi. A fara auna waya, makunni da fis ta amfani da mitar auna wuta, domin sau da yawa wutar ce ba ta isa ciki.

Idan yana gurnani amma ba ya juyawa, a cire shi daga wuta nan take kafin kwayil, wato naɗin wayar da ke cikinsa, ya ƙone. A juya sandar injin da hannu. In ta cije, boris ne (zoben da sandar ke juyawa a ciki) ko datti. In tana juyawa sumul, yawancinsu sun zargi kafasita (ɗan gwangwanin da ke taimaka wa injin ya tashi), musamman idan ta kumbura. Nan ne na fi so a kula, don kafasita tana riƙe caji ko bayan an cire wuta, dole a sauke shi kafin a taɓa ta.

Wajen kwancewa, a yi wa murafen alama, a ɗauki hoton wayoyin. Inji mai burushi kuwa (guntayen kabon da ke kai wuta ga sashen da ke juyawa), a duba ko kabon ya cinye. Kwayil da ya yi baƙi yana ƙauri, sai dai sabon naɗi, wasu ma suka ce sayen wani injin ya fi sauƙi.