Me ke sa labarin fatalwa ya yi lami?

Ɗan Birni: Jama'a, labaran ban tsoron da ke yawo a WhatsApp ba sa tayar da tsikar jiki. Ina matsalar?

Hajiyar Zango: Ɗana, gaggawa ce. Marubuci ya fito da aljani a shafin farko, da kofato da jajayen idanu, shi ke nan tsoro ya ƙare. A ɓoye shi har kashi biyu cikin uku na labarin. A fara da sauti: ƙarar daka da tsakar dare a kangon da babu kowa.

Malamin Sabon Gari: Haka ne, Hajiya. Kuma a bambance: fatalwa siffar mamaci ce, aljani halitta ce daban, maye mutum ne mai kama kurwa. In aka cakuɗa su, mai karatu ya daina yarda.

Ɗan Birni: Wuri fa?

Hajiyar Zango: Lungunan Birni da duwatsunta sun isa, ko gindin tsamiya.