Me ya sa gyaran kundin tsarin mulki yake sauri a kan kujerar shugaban ƙasa, amma yake jan ƙafa a kan haƙƙin talaka?

Malamin sakandare, Gwale:

Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare da ke cikin birni. A makon jiya muna karanta babi na biyu na kundin tsarin mulkin 1999, sai wata ɗaliba ta tambaye ni abin da ya hana mahaifinta kai ƙara kotu a kan ƙannenta da ke zaune a ƙasa a ajin da babu benci, tun da sashe na 18 ya ɗora wa gwamnati nauyin ilimi. Na gaya mata cewa sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna sauraron ƙara a kan abin da ke wannan babi. Sai ta ce, "To Malam, kullum muna jin ana gyara kundin, me ya sa ba a gyara wannan ba?"

Gaskiya ban gamsu da amsar da na ba ta ba. Na ga an gyara batun muƙaddashin shugaban ƙasa, an rage shekarun tsayawa takarar kujerar daga 40 zuwa 35 a 2018, har an yanke wa shugaba kwana 60 ya miƙa sunayen ministocinsa, amma ilimi da lafiya suna nan inda aka bar su. Shin dokar ce ta tsaurara hanya, ko kuwa niyya ce babu?

Barista, Nasarawa:

Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun suna ciki, amma bari in fara da doka. Sashe na 9 ya ce kowane gyara sai ya sami kashi biyu cikin uku na dukan 'yan kowace majalisa, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, sannan majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36 su amince. Amma idan za a taɓa babi na huɗu, inda haƙƙoƙin ɗan ƙasa da kotu ke iya tilastawa suke, ko sashe na 8 da ya shafi ƙirƙirar sababbin jihohi, ko shi kansa sashe na 9, to sai an sami kashi huɗu cikin biyar, wato sanatoci 88 da wakilai 288. An yi wannan shinge ne don kada wata gwamnati ta wayi gari ta zaftare 'yancin jama'a, sai dai ƙofar da aka ƙuntata don kada a fitar da kaya, ita ce kuma take hana a shigo da sabo. Sassan da suka shafi shugaban ƙasa kuwa suna babi na shida, kashi biyu cikin uku ya ishe su.

An taɓa gwadawa. Gyaran da majalisa ta bakwai ta kammala a 2015 ya ƙunshi shigar da ilimin matakin farko kyauta da kula da lafiyar mata masu juna biyu cikin babi na huɗu. Kuskuren da aka yi shi ne, an zuba komai a ƙudiri guda, har da cire buƙatar sa hannun shugaban ƙasa a kan gyaran kundi da raba ofishin Antoni Janar da na ministan shari'a. Shugaba Jonathan ya ƙi rattaba hannu, yana mai cewa ba a nuna an cika kashi huɗu cikin biyar ba, aikin ya tafi a banza gaba ɗaya. Darasin da aka ɗauka ke nan aka koma rarraba gyare-gyare ƙudiri-ƙudiri, shi ya sa a Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan guda 16 daban-daban.

Inda nake ganin rashin niyya shi ne, sashe na 6 ba ya cikin waɗanda ke buƙatar kashi huɗu cikin biyar. Da ana so a sassauta 6(6)(c), da rinjayen da aka saba samu ya isa. Hatta batun wadatar abinci da aka ƙara a 2023, a babi na biyu aka ajiye shi.

Amma ka gaya wa ɗalibarka kada ta ɗauka ƙofa a rufe take ruf. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta ilimi kyauta daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, kuma a 2017 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa saboda wannan doka, haƙƙi ne da za a iya nema a gaban alƙali.

Dattijo mai ritaya, Fagge:

Barista ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai ina so in ja hankalin Malam kada ya raina gyaran da ya shafi kujerar shugaban ƙasa kamar bai shafi talaka ba, domin mu da muka ga wasu abubuwa da idonmu mun san ba haka ba ne.

A 2006 an kawo ƙudiri mai ɗauke da gyare-gyare fiye da ɗari, a cikinsu aka cusa ƙarin wa'adi na uku da zai ba Shugaba Obasanjo damar zarcewa. Ranar 16 ga Mayu Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da shi, kuma na tuna yadda mutane suka manne da rediyo a bakin kasuwar Kwari suna jiran sakamako. A ranar, wahalar gyara kundi ce ta cece mu. Maƙwabtanmu na Nijar ba su sami wannan sa'a ba: Tandja ya yi tazarce ta ƙuri'ar raba gardama a Agustan 2009, a Fabrairun 2010 sojoji suka kifar da shi.

Sai kuma rashin lafiyar Marigayi 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa. Ya tafi Saudiyya ranar 23 ga Nuwamban 2009 ba tare da aika wa majalisa wasiƙa ba, kuma sashe na 145 na lokacin bai faɗi abin yi ba idan wasiƙa ba ta zo ba. Kwana 78 ƙasa tana zaune babu wanda ya san takamaimai wa ke riƙe da ita, sai ranar 9 ga Fabrairun 2010 majalisa ta fake da hujjar larura ta ba mataimakinsa riƙo. Wanda ya rayu a zamanin juyin mulki ya san irin fargabar da muka kwana da ita. Gyaran da ya biyo baya ya ce idan kwana 21 suka wuce babu wasiƙa, majalisa za ta ba mataimaki riƙon ƙwarya da ƙaramin rinjaye. A 2018 kuma aka ƙara cewa wanda ya ƙarasa wa'adin wani, sau ɗaya kawai za a iya zaɓensa. Ko Amurka sai da Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu kafin a ƙayyade wa'adi biyu a 1951. Abin da na yarda da Malam a kai shi ne, waɗannan ana yin su da gaggawa ne saboda wutar ta kama rigar manya. Har yau kuma babu wanda ya taɓa rigar kariyar da ke sashe na 308.

Malamar asibiti, Hotoro:

Baba, ina girmama maganarka, amma mu mata mun ga wani abu daban. Ranar 1 ga Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi fatali da ƙudirorin da suka shafi mata, har da wanda zai gyara sashe na 26, inda matar da ɗan Najeriya ya auro daga waje take iya zama 'yar ƙasa ta rajista, amma mijin 'yar Najeriya ba shi da wannan dama. A gari irin Kano da auratayya da Nijar da Sudan da Chadi ta daɗe, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kuma ko haƙƙin da yake rubuce a babi na huɗu, wa ya san da shi? Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ɗan maƙwabciyata ya yi kwana biyar a tsare a tsakiyar birnin nan, uwarsa tana ta kai abinci tana roƙo, ba ta san doka tana bayanta ba.

Malamin sakandare, Gwale:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan koma wa ɗalibaina da dokar 2004 da hukuncin 2017, kuma Hajiya, sashe na 35 zai shiga darasin mako mai zuwa. Abin da ban taɓa mayar da hankali a kai ba sai da Barista ya ambaci jihohi 24 shi ne, majalisar dokokin jiharmu mai mambobi 40 tana da ƙuri'a a kan kowane gyara, kuma a wannan mataki na jihohi ne ƙudirin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya faɗi, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Yulin 2024. Barista, don Allah ta wace hanya mutum zai ga yadda ɗan majalisar mazaɓarsa ya kaɗa ƙuri'a a kan irin waɗannan ƙudirori? Ina so in kai ɗalibaina su zauna a zauren ranar da za a sake yin irin wannan zama, idan ana barin 'yan makaranta su shiga.